Baballe Mai Cire Sarƙa

Ga ta nan ta taso muku daga bakin teku. Wanda ke tsaye ya nemi wurin zama, don labarin Baballe ba a jin sa a gurguje.

Baballe mutumin Gumel ne, direban haya a Doha. A unguwar Mansura yake zaune, a wani tsohon gidan bene, inda suka haɗa ɗaki da abokansa biyu: Lado, mai gadin wani kanti, da Sunusi, ma'aikacin otal. Duk wanda ya zauna da Baballe zai ji cewa babu titin da bai sani ba a ƙasar nan, har waɗanda ba a shimfiɗa ba tukuna, kuma Larabawa kan tsayar da shi a hanya su tambaye shi fassarar Larabcinsu. Ba mugun mutum ba ne. Bakinsa ne kawai ya fi shi girma.

Abin da ba ya sawa a cikin labarinsa shi ne shayi. A Doha akwai shayin da ake kira karak, mai kauri, wanda ake dafawa da madara da sukari. Ba sai ka sauka daga mota ba. Ka tsaya a bakin shago, ka danna hon, sai a fito a miƙo maka ta taga. Baballe ya ce a duk abin da ya gani a ƙasar Larabawa, wannan ne ci gaba na gaskiya. Da safe karak, da hantsi karak, kafin fasinja karak, bayan fasinja karak. Shagunan shayi uku ne jere a titinsu, amma nasa shi ne na Bashiru, wani dattijo mutumin Indiya, wanda ko cikin barci zai gane hon ɗin Baballe.

To, Baballe yana son Sakinatu. Bazawara ce, nas a wani asibiti, tana zaune a unguwar Madinat Khalifa a gidan yayanta, Injiniya Abdulganiyu. Ita ba ta ƙi shi ba, don yana ba ta dariya, kuma ta daɗe ba ta samu mai ba ta ba. Mijinta na farko caca ce ta cinye shi a ɓoye, sai da gidan ya zama fayau kafin ta sani. Saboda haka ranar da Baballe ya je gaisuwa, magana ɗaya Injiniya ya yi masa.

"Malam Baballe, ba zan tambaye ka albashinka ba. Ƙanwata ta taɓa auren mutumin da wani abu ya fi ƙarfinsa. Ba zan sake ba wa irinsa ba. Ka nuna mini kana mallakar kanka, sai mu zauna."

"Yallaɓai, ai na ɗauka abu mai wuya za ka ce," in ji Baballe. "Ni kaina tsorona yake ji."

Ya fito, ya tsaya a shagon farko da ya gani, ya sha karak don ya yi tunani.

Ba a daɗe ba ya ɗauki wata tsohuwar Baturiya daga unguwar Mushairib. Tana zaune a baya tana jujjuya wata karta mai hotuna, irin ta masu duban Turawa, wadda suke kira tarot. Wani mai babur ya gitta, Baballe ya taka birki, karta ta watse. Da suka isa ta tattara kayanta, amma kati ɗaya ya zame gaba, ya faɗa cikin tulin kofunan takarda da ke ƙarƙashin kujera. Baballe ya ɗauko, ya duba, saura kaɗan ya jefar. Wata halitta ce mai ƙahon akuya da fukafukan jemage, ta tsuguna a kan dutse. A ƙasanta akwai namiji da mace, kowanne da sarƙa a wuya.

"Sunan katin Shaiɗan, amma kada ka tsorata," in ji tsohuwa. "In ya fito wa mutum, ba aljani ake nufi ba. Ana nufin akwai abin da yake so har ya zama ubangidansa. Giya, caca, kuɗi, wani lokacin ma mutum. Ya san yana cutar da shi, amma gobe zai koma. Dubi sarƙar da kyau."

Baballe ya duba. "Sako-sako ce."

"Maganar ke nan duka. Da za su ɗaga hannu, da sun cire ta ta kai. Ba sa so ne."

Ta dubi tulin kofunan nan, ta dubi Baballe, ta yi murmushi. "Riƙe shi. Ina ganin wurinka ya zo."

Baballe ya gane abin da take nufi nan take: Baturiya ta ga gwani ta sallama. Kafin ya isa gida ya gama shirinsa. In Injiniya mai mallakar kansa yake nema, me zai ce in ya ga wanda ke mallakar wa wasu nasu? Zai cire wa mutanen ɗakinsu sarƙa, labari ya kai Madinat Khalifa.

"A'uzu billahi," in ji Lado, da ya ga katin. "Duba ka fara, Baballe? Ka baro Gumel har Doha don ka zama boka?"

"Jahilci ke nan. Boka gobe yake faɗa, ni yau nake faɗa. Wannan wa'azi ne mai hoto."

"Wa'azin da mutanensa ko wando ba su da shi?" in ji Sunusi.

Baballe ya ɗauki biro, ya zana wa namijin jamfa, ya zana wa macen hijabi har ƙasa. Sannan ya manna katin a ƙofar firji. Sunusi ya ce shi ba zai yi salla a gaban wannan fuska ba, aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka yarda duk lokacin salla za a kifa shi. Sai ya zama a ɗakin nan babu wanda ya kai katin kiyaye lokaci.

Da Lado aka fara. Mahaifiyarsa kan aiko masa da dakakken yaji daga Haɗeja ta hannun matafiya, kuma babu abin da yake ci sai da shi. A shinkafa yaji, a burodi yaji, har kankana yana barbaɗa wa.

"Ga ka nan a hoto," in ji Baballe, yana nuna mai jamfar biro. "Wannan ledar ita ce sarƙarka."

"Ka taɓa ledar nan, ka ga sarƙa ta gaske."

Da Lado ya tafi aiki, Baballe ya ɗauki ledar ya nemi wurin da gajeren mutum ba zai kai ba. Ya hau kujera, ya buɗe murfin na'urar sanyaya ɗaki, ya cusa ta a ciki, ya rufe, ya tafi harkarsa.

Da azahar Lado ya dawo, rana ta gasa shi, ya kunna na'ura ya ƙure ta. Fanka ta kama ledar ta yaga. Jan hayaƙi ya fito ya cika ɗaki. Lado ya buɗe ƙofa yana atishawa, hayaƙin ya bi shi zuwa baranda, ya shiga ɗakin Sudanawa, ya shiga na mutanen Nepal. Kafin a jima duk gidan ya sauko titi, kowa yana tari yana hawaye. Wani dattijo Basudane, da ya dawo daga masallaci ya tarar da jama'a suna kuka a ƙofar gida, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, sannan ya tambaya a hankali wa ya rasu.

Ana cikin haka Baballe ya iso da kofi a hannu. Ya ga Lado zaune a bakin titi, ido jawur, hawaye har gemu.

"Kun gani?" ya ce wa jama'a. "Kukan rabuwa ne. Haka ake yi da farko. Dage, Lado, sarƙa ce take fita."

Sai da Sudanawa biyu suka riƙe Lado.

Na biyu Sunusi ne. Shi ƙwallo ce tasa. In ba ya wurin aiki, to kansa na kan waya yana kallon wasan wata ƙasa da ko sunanta bai iya faɗa ba. Wata rana ya shiga wanka, Baballe ya ɗauke wayar, ya tura ta can cikin buhun shinkafar da ke jingine da firji, ya fita.

Sunusi ya birkice ɗaki yana nema. Da la'asar sai buhu ya fara gurnani. Lado ne ya fara ji. Ya leƙa, ya ga shinkafa tana rawa ita kaɗai, daidai ƙarƙashin katin nan mai ƙaho.

"Sunusi, zo a hankali. Abin ya sauko daga hoto."

Suka tsaya daga nesa suna karanta duk abin da suka haddace. Buhu ya yi shiru, sannan ya sake ɗauka. Lado ya ce ba zai zauna a kashe shi a ƙasar mutane ba. Ya ciko bokiti, ya tofa addu'a a ciki, ya kwara wa buhun gaba ɗaya. Gurnani ya tsaya.

"Ya ƙone," in ji Lado.

Da Baballe ya dawo aka ba shi labari, sai ya zura hannu cikin buhu ya zaro wayar tana ɗigar ruwa. Ashe mahaifiyar Sunusi ce take kira daga Kano.

"To, alhamdulillahi," in ji Baballe. "Ni na yi niyyar raba ku na ɗan lokaci, ga shi Allah ya yanke gaba ɗaya."

Jiƙaƙƙiyar shinkafa ba ta ajiyuwa, dole suka dafa buhun duka suka bi ɗaki-ɗaki suna rabawa. Maƙwabta suka ɗauka ban-haƙurin yaji ne, suka karɓa suna sa albarka. Baballe ya tsaya a baranda yana amsa godiya.

Washegari ya ci ado ya tafi Madinat Khalifa. Ya tarar da Injiniya a falo, Sakinatu tana zuba musu ruwa.

"Yallaɓai, mutum biyu na 'yanta a makon nan. Ɗaya har kuka ya yi. Unguwa gaba ɗaya ta fito ta shaida."

"Madalla," in ji Injiniya. "Kai kuma wacce ce taka sarƙar?"

"Ni? Ni ai mabuɗi ne."

"Mabuɗi mai ƙamshin madara," in ji Sakinatu, ba ta ko ɗaga kai ba. "Tun daga ƙofa na ji shi. Malam Baballe, in aka ɗebi jininka, ƙudan zuma za su biyo kwalbar."

"Karak kike nufi? Ai mun rabu. Tsohon ƙamshi ne ya kama riga. Na sake shi, saki uku, a gaban shaidu."

Injiniya ya gyaɗa kai. "To, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ka zo ka ɗauke mu. Mu je Mansura in ga mutanen da ka 'yanta da idona. In na gamsu, sai ka turo manyanka."

Baballe ya fito yana jin kamar an riga an shafa fatiha. Sai da ya shiga mota ya tuna abin da bakinsa ya ɗauko masa.

Ya daina tsayawa a gaban shago. Ya koma ajiye mota a bayan layi, ya zagaya ta ƙofar baya, ya tsuguna tsakanin tukwanen gas ya sha abinsa. Ranar Juma'a da safe ya kama hannun Bashiru.

"Yau da rana, ko me ka ji, ko me ka gani, ba ka san ni ba. Ka gane?"

"Khalas, shi ke nan," in ji Bashiru. "Ban san ka ba. In ƙara maka?"

"Ƙara."

Ya kwashe kofuna daga mota, ya fesa turare, ya je ya ɗauko Injiniya a gaba, Sakinatu a baya. Hanya ɗaya ce ke kaiwa gidan su Baballe, kuma ta gaban shagunan shayi take bi. An sauko daga masallaci, titi cike da mutane. Daidai gaban shagunan sai ga wata a-kori-kura ta tare hanya, ana sauke ruwan sha, direban kuma babu shi.

Baballe ya tsaya. Ya ɗora hannayensa biyu a cinya.

"Yi masa hon mana," in ji Injiniya.

"Yallaɓai, ni ba na hon. Haƙuri yana cikin mallakar kai."

"Rannan har kyanwa na ga ka yi wa hon," in ji Sakinatu.

"Kyanwar ce ba ta da tarbiyya."

Motocin baya suka fara ƙara. Injiniya ya dubi agogo. "Malam Baballe, danna, yalla, mu wuce. Ba a nan za mu yi la'asar ba."

Baballe ya yi niyyar danna hon irin na direban da aka tare wa hanya, dogo guda mai fushi. Amma hannu ya saba da abin da ya saba. Gajeru biyu suka fita, dogo ya bi su.

Bashiru yana tsaye a ƙofar shagonsa. Ya ji, ya juya baya, ya kama goge wani faranti. Su kuwa masu shaguna biyun da ke maƙwabtaka da shi, sun daɗe suna kallon wannan mota da ƙwaɗayi. Da suka ga Bashiru bai motsa ba, sai suka ɗauka an ɓata. Kowanne ya cika kofi ya fito da gudu, ɗaya ya tsaya a tagar Baballe, ɗaya a ta Injiniya.

"Baballe, habibi, karak. Sukari da yawa, yadda kake so. Na yau kyauta."

"Ban san su ba," in ji Baballe.

"Su dai sun san sunanka," in ji Injiniya.

"Sunana ya yi yawo a garin nan, Yallaɓai."

Bashiru ya goge farantin nan har ya kusa huda shi. Da ya ga kofin wani ya shiga tagar Baballe, sai ya ajiye, ya ciko babban kofi, ya fito ya ture su.

"Ku matsa. Me kuka sani game da shi? Kun san sai cokali ya tsaya da kansa a cikin kofi yake sha? Da safen nan a bayan shagona ya tsuguna, wurin tukwanen gas, ya sha ya ƙara. Ya ce yau kada in san shi, na yi masa alkawari." Ya leƙo ta taga ya dubi Injiniya da ladabi. "Ban san shi ba, ranka ya daɗe. Amma nawa ne."

Mutane suka fara taruwa. Lado da Sunusi, da suka sauko tarbar baƙi, suka kutso ta cikinsu. Injiniya ya sauke gilashi.

"Ku ne waɗanda aka 'yanta?"

"Mu ne, Yallaɓai," in ji Lado. "Da a abinci nake cin yaji. Yanzu a bargo nake shaƙarsa."

"Kai fa?"

"Ni na warke," in ji Sunusi. "Yanzu a wayar Lado nake kallon ƙwallo."

Baballe ya ga ba makawa sai jawabi. Ya gyara zama, ya ce duk mai gyara sai ya gamu da mahassada. Ya ce waɗannan masu shayi haɗa baki suka yi, don tun da ya daina sha kasuwarsu ta faɗi. Ya ce shi yanzu ko ƙamshin karak ya ji, zuciyarsa tashi take yi. Yana magana yana tsayawa, yana magana yana tsayawa, sai ya lura titin ya yi tsit, kowa bakinsa yake kallo.

"Malam Baballe," in ji Injiniya, "mene ne a hannunka?"

Baballe ya duba. Kofin Bashiru ne, ya riga ya kai rabi.

"Yaya," in ji Sakinatu daga baya, "a tambaye shi wane malami ne ya halatta masa kome bayan saki uku."

Hausawan da ke wurin suka kwashe da dariya. Aka fassara wa Sudanawa, su ma suka ɗauka. Injiniya kaɗai bai yi ba. Ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya a waje.

"Ba shayin ne ya ɓata mini rai ba. Ka zauna a falona ka yi mini ƙarya. Sakinatu, fito mu nemi wata mota."

Nan Baballe ya ajiye jawabinsa. Ya dubi kofin, ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne, Yallaɓai," ya ce a hankali. "Ya fi ƙarfina."

Sakinatu ba ta fito ba.

"Yaya, dakata. Wancan da na aura, shekaru muna gida ɗaya ban ga tasa sarƙar ba, don ya iya ɓoyewa. Wannan ko wuni ɗaya bai iya ba. Mutumin da titi guda ya san asirinsa, me zai ɓoye mini?"

Injiniya ya tsaya, ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a titi. "To me kike so?"

"Ya sha shayinsa. Amma ni zan dafa, in zuba masa a filas ya fita da shi. Kuma babu sukari."

"Kaɗan dai," in ji Baballe.

"Ko ƙwaya."

Bashiru ya dafa ƙirji. Injiniya ya dawo da ƙafarsa cikin mota, ya rufe ƙofa, yana danne murmushi.

"Ka ji sharaɗi, a gaban shaidu na gaske. Ka amince?"

Baballe ya waiga ya dubi Sakinatu. Ya dubi kofin da ke hannunsa. Ya sake dubanta, ya sake duban kofin, har Lado ya ƙwanƙwasa masa ƙofar mota.

"Na amince," ya ce. "Amma a bar ni in ƙarasa wannan tukuna."

Aka bar shi. Ya sha shi a hankali, ido rufe, duk titi na jira, har direban a-kori-kura da ya dawo ya tsaya kallo. Bayan babbar salla aka ɗaura aure.

Ƙurunƙus. Kan kusu dai a bar masa abinsa, bai yi wa kowa laifi ba.